Takardar da Kafinta Yake Jira

6 ga Maris

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Ni ma lafiya lau, in ban da gwiwar nan da take yi mini gardama duk lokacin da zan hau tsani in ɗauko littafi. Likita ya ce in rage hawa. Na ce masa ya zo ya gaya wa littattafan su riƙa saukowa da kansu.

Gaisuwar ke nan. Yanzu ka gyara zama.

Jiya da hantsi ina ɗakin karatu na kwaleji, ina liƙa bangon wani ƙamus da ɗalibai suka yi wa kaca-kaca, sai ga Fasto da dattawan ikilisiya biyu, suna takawa a hankali kamar masu zuwa ta'aziyya. Na ba su kujeru. Fasto ya zaro wasiƙa daga aljihu, ya ce daga Kafinta take. E, Kafinta mijina. Wanda ya fita shekara goma sha ɗaya da suka wuce, da akwatin kayan aikinsa a hannu ɗaya, da matar da ya je yi wa kabad a ɗaya hannun.

Ka san tsarinmu, amma bari in tuna maka tun da ka daɗe da barin gida. Da ya tafi, ikilisiya ta sa shi a horo, aka cire shi daga masu cin Jibin Ubangiji. Ba mai mayar da shi sai ikilisiyar da ta hore shi, kuma dattawa ba sa rubuta takardar maidowa sai wanda aka ci amanarsa ya buɗe baki ya ce ya yarda. Takardar nan yake roƙo. Wato bakina ake jira.

Na ce, "Baba Fasto, ya tambayi lafiyata a ciki?"

Ya duba gaban takardar, ya duba bayanta. Ya ce, "Ya ce yana jin kunyarki."

Na ce, "Kunyar ta daɗe a hanya."

Dattijon nan mai shagon magani ya gyara murya ya ce, "'Yar'uwa, Allah ba ya gajiya da karɓar mai tuba."

Na ce, "Shi ya sa yake Allah. Ni mai kula da ɗakin karatu ce."

Ko a fuska ba wanda ya yi murmushi. Sun manta, ko sun yi kamar sun manta, cewa ni ce nake haɗa ruwan inabi in zuba a ƙananan kofuna kowace Lahadin farkon wata. Tiren katakon da kofunan suke zama a ciki, mai ramuka arba'in, wa ya fafe shi? Shi. Wata-wata sai na ɗauki aikin hannunsa na goge shi da mai, ban taɓa cewa uffan ba.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Da Fasto ya ajiye ambulan a kan teburina, na ga hatimin gidan waya na garinku. Na ce ƙila dace ne. Sai na dubi rubutun. Auta, ni na kama hannunka na koya maka riƙe alƙalami. Na san yadda layinka yake fara tafiya sosai, ya ƙare yana gangarawa kamar mai neman wurin kwanciya.

Tun yaushe? Ina ka gan shi? Sau nawa ka rubuto mini kana ba ni labarin haƙorin ɗanka, alhali mutumin nan yana kusa da kai? Ka amsa mini ɗaya bayan ɗaya, kada ka yi mini wa'azi. Masu wa'azi sun ishe ni a nan.

Yayarka

16 ga Maris

Yaya,

Na gaishe ki da kyau. Muna lafiya, mai ɗakina tana gaishe ki, ta ce ki riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi.

Rubutuna ne. Ba zan musa ba. Hannunsa yana rawa, ya faɗa ni kuma na rubuta.

A watan Janairu aka turo shi ɗakin da nake ɗaukar hoton ƙirji, a keken marasa lafiya. Ban gane shi ba, ya rame ƙwarai. Na tsayar da shi gaban na'ura na ce ya ja numfashi ya riƙe, kamar yadda nake ce wa kowa. Sai ya ce, "Auta, da ina da shi ai da na riƙe." Da muryar na gane shi. Sai da na fita waje na ɗan tsaya kafin na iya danna na'urar.

Huhunsa ya yi fari kamar an watsa masa gari. Likita ya ce ƙurar katako ce ta shekara da shekaru, kuma ba abin da za a yi sai sauƙaƙa masa. Ya ce wata uku, in ya yi nisa huɗu. Matar nan ta rabu da shi tun shekara ta huɗu. A bayan shagon wani mai sayar da katako yake kwana kafin a kawo shi.

Na yi niyyar gaya miki sau uku, na yaga takardar sau uku. Tsoronki nake ji, Yaya, kin kuwa san haka tun ina ƙarami.

Ga abin da ya kawo maganar dattawa. Muna da faston asibiti, tsoho ne, duk Lahadi yana zagaya gadaje da Jibin Ubangiji. In ya iso gadon Kafinta sai ya juya fuska bango. Faston ya ce masa shi ba ya neman takarda a wurin mai jinya. Kafinta ya ce, "Baba, an hana ni, kuma da gaskiya aka hana ni. Na saci abubuwa da yawa a rayuwata, wannan kam ba zan sata ba." A kan haka yake har yau.

Bai ce ki karɓe shi ba. Bai ce zai dawo gida ba. Ni ma ban roƙe ki komai ba. Na dai gaya miki yadda ake ciki.

Ki yafe mini shirun da na yi.

Ƙaninki

27 ga Maris

Auta,

Ina gaisuwa. Ka gode wa mai ɗakinka, ruwan ɗumin yana ɗan taimakawa. Lafiyata ƙalau, barci ne kawai ya yi ƙaura.

"Bai ce zai dawo gida ba." Ka rubuta wannan don ka sanyaya mini rai? Na karanta layin sau goma, kowane karo yana ƙara zafi. Wato teburin Allah yake so, nawa kuwa bai ko tambayi inda yake ba. Ya auna mu biyu ya ga Allah ya fi sauƙin kai, sai ya nufi can. Ni kuma an mai da ni akawu: in buga hatimi, in koma gefe.

Ranar Lahadi Fasto ya yi wa'azi a kan annabin nan da aka ce ya tashi ya nemo matarsa da ta bi wasu maza, ya dawo da ita gida ya ƙaunace ta. Ya ce haka ƙaunar Allah take ga masu cin amanarsa, ba ta jiran su cancanta. Duk majami'a ta dage kada ta kalle ni, har na ji tausayin wuyan mutane. Da aka tashi, mata uku suka riƙe hannuna suna cewa "Allah ya ba da haƙuri," kamar haƙurin wani sabon abu ne da ban taɓa ɗanɗanawa ba. Tsohuwar ungozomar nan da take taya ni goge kofuna ita kaɗai ta wuce ba ta ce komai ba. Na ji daɗinta.

Auta, shekara ashirin da biyu ina zaune cikin littattafai, na karanta fiye da abin da Fasto zai karanta har ya mutu. Duk marubuta suna son wanda ya gudu ya dawo. Shi ake ba babi-babi: yunwarsa, hawayensa, doguwar hanyarsa. Wanda ya zauna ya riƙe gida layi biyu ake ba shi, a ƙarshe ma a nuna shi ne mai taurin zuciya. Ba wanda ya rubuta safiyar da ta biyo bayan dawowar. Annabin nan, wa ya tambaye shi yadda abinci yake wuce masa a wuya?

Bari in tuna maka babin da ba a rubuta ba. Uwarsa ya bar mini, ba ta iya tashi. Shekara uku ina juya ta a gado sau huɗu a yini don kada bayanta ya yi gyambo. In fita da sassafe na wanke ta, in dawo da rana in ba ta abinci a baki, in koma aiki da gudu. Duk sanda aka taɓa ƙofa sai ta ce, "Shi ne?" Ni ce nake cewa a'a. Ta mutu a hannuna, ni na rufe mata ido. Ina yake? Ka tambaye shi wannan, tun da kai ne magatakardansa.

Yanzu ƙirji ya cika, an tuna da Allah. Ban ce tubarsa ƙarya ce ba. Abin da yake cina shi ne ƙila gaskiya ce, kuma ta isa. Mutum ya ɓarnatar da shekara goma sha ɗaya, ya zo da wata uku a hannu, a karɓa da murna. To mu da muka zauna, zaman me muka yi?

Dattawa sun ba ni zuwa Lahadin farkon Afrilu. Ka gaya masa saƙonsa ya iso. Kada ka ƙara masa ko kalma ɗaya.

Yayarka

24 ga Afrilu

Auta,

Ina fata lafiya. Da gaske nake, ba gaisuwar al'ada ba ce, domin mako huɗu ke nan ban ga rubutunka ba.

Kullum in na tashi daga aiki sai na bi ta gidan waya. Ma'aikacin ya gane ni, tun ina bakin ƙofa yake girgiza kai. Ina dawowa ina jujjuya abin. Ko fushi kake yi da ni saboda na kira ka magatakarda. Ko wani cikin yaran ne ba lafiya. Ko kuwa ya mutu, ka rasa yadda za ka gaya mini, kana ta yaga takardu kamar yadda ka saba. In haka ne, ka rubuta kalma ɗaya kawai. Zan iya ɗauka. Shirun ne ba zan iya ba.

Lahadin farkon Afrilu ta zo ta wuce. Fasto ya tare ni a bakin ofis ya ce, "'Yar'uwa, ina muka kwana?" Na ce ina addu'a a kai. Ya ce madalla. Ƙarya na yi masa, kuma ita ce ta kawo ni ga abin da zan gaya maka. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. In ka gama karantawa ka ƙona.

Watan farko bayan tafiyar Kafinta, na haɗa ruwan inabi, na zuba, na jera kamar kullum. Da tire ya iso gabana na ɗauki kofi. Aka ce mu sha. Na kai shi bakina, sai leɓuna suka ƙi buɗewa. Na ce wa Allah a zuciyata: ba zan ci a teburinka ba sai ka yi mini bayani. Na rufe kofin da tafin hannu. Ni ce mai tattarawa, ni ce mai wankewa, saboda haka ba wanda ya ga kofi ɗaya ya koma cike. Na zubar da shi a famfon bayan majami'a kafin ungozoma ta zo da tawul. Gurasar kuwa na ƙunshe ta a hankici, na murmushe wa tsuntsaye.

Na ɗauka wata ɗaya zan yi. Bai yi mini bayani ba, ni ma ban sauko ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan, Auta. A zumuntar mata in na yi addu'a har hawaye ake yi, domin na iya jera kalmomi. A ɗakina kuwa rabona da durƙusawa tun ranar da muka binne uwarsa. Ana nuna ni ga sababbin amare ana cewa ga misalin mace mai aminci.

Kafinta ya bar ni da rana tsaka kowa yana gani, aka hore shi. Ni na bar Ubangiji ina zaune a layi na biyu da farin ɗankwali, aka ba ni mabuɗin kabad ɗin kofuna. Shi yana kwance yana kukan abin da aka hana shi, ni ina zubar da shi a kwata wata-wata. Kuma ni ce aka ɗora a kan maganarsa.

Kada ka ɗauka na huce. Fushina yana nan daram. Tsoro ne ya zo ya zauna kusa da shi. In ya mutu yana jiran bakina, me zan ce? In kuma na ce na yarda, da wane baki?

Ka rubuto, ko zagi ne.

Yayarka

4 ga Mayu

Yaya,

Yana da rai. Na fara da wannan kafin gaisuwa. Muna lafiya duka, kuma ba fushi nake yi ba.

Ruwa ne ya cinye gadar da motar gidan waya take bi, wasiƙu suka taru a wancan ƙetaren. Jiya aka kawo mini naki biyu a haɗe. Ban dubi kwanan wata ba, na fara buɗe ta biyun, sai bayan na gama na sha zagin da ke cikin ta farko. Gara da aka yi haka.

Ban ƙona ba tukuna, amma ba wanda ya gani, har mai ɗakina.

Ni ba fasto ba ne, Yaya, hoton ƙirji nake ɗauka. Kullum mutane suna zuwa mini da wanka da turare da riga mai guga, in ce su tuɓe. Na'urar ba ruwanta da riga. Kuma tun da na fara aikin nan ban taɓa ganin likita ya ɗaga hoto gaban fitila, ya ga tabo, ya ce a kori mai shi ba. Tabon ne yake sa a ba shi gado. Kin ce kin bar Ubangiji. Ni abin da na gani shi ne shekara goma sha ɗaya yana barin ki kina riƙe masa kofuna, ya san komai, bai karɓe aikin daga hannunki ba. Iyakar abin da na sani ke nan.

Layin da ya ɓata miki rai, laifina ne, ban cika shi ba. Abin da ya ce shi ne ba shi da fuskar da zai roƙi dawowa gida. Na tambaye shi maganar uwarsa kamar yadda kika ce. Ya ce wani direba ya gaya masa tana kwance. Ya je tasha ya zauna a benci har motar ta cika ta tashi, ya koma shago. Sau biyu ya yi haka. Bai kare kansa ba. Ya ce, "Ka gaya wa yayarka duk abin da ta faɗa a kaina, ta rage."

Yanzu an sa masa robar numfashi a hanci, magana uku sai ya huta. Likita ya daina faɗin watanni. An yi gadar wucin gadi, wasiƙa tana cin kwana takwas ko tara. Ban ce ki yi komai ba, amma in za ki yi, kwanakin nan ne.

Ƙaninki

14 ga Mayu

Auta,

Ina gaisuwa, a gurguje. Takardar tana cikin ambulan nan, a naɗe cikin farar takarda. Kada ka bari ta jiƙe.

Wasiƙarka ta iso jiya da rana, ban ko koma wurin aiki ba na wuce ofishin Fasto. Ya aika aka kira dattawa. Na ce, "Ku rubuta." Mai shagon magani ya ɗaga hannuwa zai fara yabon Allah saboda zuciyata, na ce ya sauke su. Na ce, "Ban ce na yafe ba, kada a rubuta abin da ban faɗa ba. Na ce ba zan tare ƙofar da ba tawa ba."

Fasto ya ce, "Wannan ya isa mu rubuta."

Sai tafiretar ofis ta maƙale. Da aka gyara ta, aka tarar tawadar hatimi ta bushe ƙamas. Maza uku suna ta hura mata iska. Na ɗingisa zuwa kwaleji na ɗauko tawadar da nake buga wa littattafan aro. Saboda haka in ka ga hatimin ikilisiya ja ne maimakon shuɗi, ka san dalili.

Sauran maganar, ta kofin, ban gaya musu ba.

Wani abu kuma. Yau da safe na sa takardar a jaka na je tasha. An ce in na hau, gobe da yamma ina wurinku. Na zauna a benci. Yaron mota bai ma kira ni ba, na ga kujerar gaba a buɗe. Na yi ta tunanin fuskarsa da robar nan a hanci, da abin da zan ce, da abin da zai ce. Motar ta cika ta tashi. Daga can na wuce gidan waya, a nan nake rubuta wannan a tsaye. Kada ka ce mini komai a kai, na riga na gaya wa kaina.

Ma'aikacin ya ce kwana takwas in gadar ta riƙe. Ka ce masa ya jira. Bai taɓa jin maganata ba, amma ka faɗa masa.

Yayarka

24 ga Mayu

Yaya,

Na gaishe ki. Muna lafiya. Ki zauna kafin ki ci gaba.

Kafinta ya rasu ranar Alhamis da rana. Mun binne shi Juma'a, ni da faston asibiti da mai sayar da katakon da ma'aikatan ɗakinsu huɗu. Takardarki ta iso jiya Asabar.

Na san abin da za ki fara tunani, saboda haka ki karanta har ƙarshe.

Ranar Talata numfashinsa ya yi tsanani, aka aiko ɗakina aka kira ni. Na tarar faston ya zo da ƙaramin akwatinsa, ko da yake ba Lahadi ba ce. Kafinta ya fara juya fuska bango kamar yadda ya saba. Tsohon ya jawo kujera ya zauna, ya ce, "Ɗana, kai kafinta ne. In ka ƙera teburi a gidanka, wa yake faɗin wanda zai zauna a kai?"

Ya ce, "Ni."

Tsohon ya ce, "To wannan ba dattawanku suka ƙera shi ba, ba kai ba, ba ni ba. Mai shi ya san abin da ka yi tun kafin ka yi, da jininsa ya fanshe ka. Yau ya aiko ni. In koma in ce masa ka ce sai an kawo hatimi?"

Kafinta ya ce, "Ita fa?"

Tsohon ya ce, "Ita ma tasa ce. Ka bar masa ita."

Na zare masa robar na ɗan lokaci, na tallafe kansa. Ya ci, ya sha. Rabi ya zube a wuyansa saboda tari. Bayan nan bai ƙara doguwar magana ba. Ranar Laraba ya ce in gaya miki ya gode da jinyar uwarsa. Ya ce ya san kalmar ta yi ƙanƙanta, amma ba shi da numfashin da ya fi haka.

Na karanta takardar ni kaɗai a ɗakin aikina, na ga jan hatimin. Ki gaya mini abin da zan yi da ita. Akwatin kayan aikinsa ma yana wurina.

Ki ci abinci, Yaya.

Ƙaninki

8 ga Yuni

Auta,

Na gaishe ku duka. Ina cin abinci. Na gode da ka tallafe masa kai, aikin da ya kamata wani ya yi ne, kai kuma ka yi shi. Akwatin ka ba mai sayar da katakon. Takardar ka kai wa tsohon faston ya sa a fayil, ofis ba ya ƙin takarda.

Da na karanta wasiƙarka na rufe ɗakin karatu da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba, na zauna a ƙasa tsakanin kantoci. Na yi kuka, ban san na wa ba. Sannan fushi ya zo, ka san ba ya nisa da ni. Wata biyu da rabi ban yi barcin kirki ba, ina ganin ran mutum yana rataye a bakina, na ɗingisa na ɗauko tawada, ashe ba a jira ni ba. Da na koma gida na gaya wa Allah haka, da ƙarfi, a tsakiyar ɗakina. Sai da na kai rabi na lura a durƙushe nake. Ba addu'ar da za a yi a zumuntar mata ba ce, amma ita ce ta farko. Na ce masa har yanzu bai yi mini bayani ba. Na kuma ce masa da yana jiran mutane su gyaru kafin ya karɓe su, da ni ce zan fi kowa daɗewa a waje.

Ban sani ba ko na yafe wa Kafinta. Wasu ranaku e, wasu a'a. Motar nan da na bari ta tashi ma ban gama da ita ba.

Jiya Lahadin farkon wata. Na haɗa, na zuba, na jera. Tire ya iso gabana, na ɗauki kofi. Aka ce mu sha. Na sha.

Auta, abin ba ya shawuwa. Kauri kamar magani, tsami yana kama maƙogwaro, sai da hawaye suka fito mini. Na dubi jama'a, kowa ya haɗiye nasa ya sunkuyar da kai, ba wanda ya ko yamutsa fuska.

Bayan an tashi ina wanki a famfo, ungozoma ta zo da tawul ɗinta. Na ce, "Iya, me ya sami ruwan inabin yau?"

Ta ce, "Ba abin da ya same shi. Yadda yake ke nan."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka canza kwalba, shekara tara. Sabuwar ta fi ƙarfi, ruwa ninki biyu take so. Ke kuma kina nan a kan tsohon ma'auni."

Na kashe famfo. Na ce, "Wa da wa suka sani?"

Ta ce, "Duk mai harshe."

"Har Baba Fasto?"

"Shi ya fi kowa tari, ba kya ji?"

Na ce, "Shekara tara, Iya. Me ya hana wani ya gaya mini?"

Ta ɗaga kofi ɗaya ta duba shi a hasken rana, ta goge bakinsa. Ta ce, "Gaya miki ai tona miki asiri ne, 'yata. Muka ce ranar da kika sha, za ki gyara da kanki. Mu dai muka ci gaba da sha."

Yayarka